Itatuwan Babana

Maris ya kama a Ome,
dutse na hayaƙi, babu wuta.
Garin furen sugi ne, rawaya-rawaya,
yana sauka kan rufin jirgin ƙasa,
kan shanyar maƙwabta, kan gashin idona.

Babana Tokuji ne ya dasa su
yana ɗan shekara goma sha tara,
bayan yaƙi ya aske duwatsun nan ƙwal.
Kan kowane dashe ɗari ake biyansa.
Har ya koma ga ƙasa bai yi musu atishawa ba.
Ni na gaje ta, tare da laujensa da bashin rufi.

A bene na huɗu nake ɗibar jinina da kaina.
Fusae na riƙe da auduga,
dariyarta na motsa takunkumi:
"Chizuru, ke ce mafarauciya, ke ce naman."

Cikin jinin akwai 'yan ɗaki ɗaya,
ƙwayoyin T, mataimaka ake ce musu.
Ba sa duka da hannunsu, aike ne nasu.
Nono guda suka sha, hali kowa da nasa.
Ta ɗaya ba ruwanta da fure,
tana can tana bin sawun cuta mai ɓuya a ɗaki.

Ta biyu ce tawa.
Don tsutsar ciki aka yi ta,
irin wadda ta rame babana yana yaro
har ya sha magani mai ɗaci a layin makaranta.
Ni kuwa ruwan famfo, takalmi tun ina tatata.
Ta wasa wuƙa shekara da shekaru, ba abin yanka,
ran nan ta ga fure, ta ce ga maciji.

Na san wasiƙunta da lambobinsu.
Ta huɗu: a ƙera kibau da sunan sugi.
Ta biyar: a taso jajayen dakaru daga ɓargo.
Ta goma sha uku ita ce ke hana ni barci:
a saki majina, a tsuke hanyar iska.
Akwai 'yar'uwarta da ke zaune a kaluluwa,
ba ta fita, ba ta ɗaga murya,
maƙera kawai take gyara wa hannu
har kibiyar ta daina kuskure.

Sai hanci ya zama rijiya.
Sai ido ya yi ja kamar na yi kukan mutuwa,
alhali ranar jana'izarsa ko ɗigo ban yi ba.

Ta goma sha bakwai na sani a ƙirjin ƙanena Shozo.
Ita ba ta jin lallashin magani.
Ya shaƙa, ya sake shaƙa,
fuka na busa masa sarewa har asuba
ina ƙirga numfashinsa ta bayan bangon takarda.

To ina mai raba faɗa?
Akwai ta. Na gan ta a allon na'ura,
'yan ɗige-ɗige a kusurwa, kamar gishirin da ya zube.
Aikinta ta ce: ku bari, baƙo ne, ba ɓarawo ba.
A jinina muryarta ba ta kai ƙofa.

Shi ya sa shekara uku ke nan
kowace safiya nake ajiye ƙwayar sugi ƙarƙashin harshe,
minti guda, ba haɗiya, ba magana,
ina gabatar da itacen babana ga jinina
kaɗan-kaɗan, ko za su saba.

Jiya takarda ta zo daga ofishin gari.
Za a sare gangarensa a kaka,
a dasa irin da ba ya yawan gari.
Ana son sa hannuna.

Na hau dutsen da biro a aljihu.
Na taɓa na farko, ɓawonsa kamar tafin hannunsa.
Na yi atishawa tara.
Bara a nan ashirin na ƙirga.